Ungo

A Eugene ruwa ba ya sallama.
Tun asuba yake yayyafi kan jan filin gudu,
dogayen itatuwa masu tsini sun tsaya bayan 'yan kallo
kamar masu jiran a biya su bashi.

Mu huɗu ne, sanda ɗaya.
Ba ta da nauyi, cikinta rami,
in ka leƙa ta sai ka hango gajimare,
amma wata tara muka yi muna koyon miƙa ta
kamar jaririn da bai yi arba'in ba.

Mai shela ya kira sunana, ya karya shi gida biyu,
Tasalla ta koma wani abu da ban taɓa ji ba.
Na ɗaga hannu duk da haka.
A Funtuwa ƙarfe ɗayan dare ya gota,
na san Yaya Mudi ya jingina waya da gwangwanin madara,
Inna na tambaya: wace ce a ciki, duk kamar tururuwa?
Ta layi na shida, mai baƙin ɗankwali,
ki daina taɓa gilashin.

Ni ce ta uku, kwana ce rabona.
Koci Hollins ya ce kwana ba ta son gardama,
ki jingina da ita, ta kai ki.

Bindiga ta tashi.
Ban ga Marisol ba, ihun jama'a kawai na ga
yana zagayowa kamar wuta a busasshiyar gona.
Sai ga Odessa, haƙora a waje,
ƙafarta ta taka farin tef ɗin da na liƙa,
na ba ta baya, na cilla,
na miƙa hannu cikin duhun da ke bayan kowa.
Sanyin ƙarfe ya sauka a tafina.

Daga nan babu Amurka,
babu kuɗin makaranta, babu jarrabawar da na bari a tebur.
Ƙusoshin takalmi na cizon ƙasa,
ruwa na marina, ina rama wa da gwiwa.

Keturah ta tashi da wuri.
Taku ɗaya kacal, amma taku ɗaya a nan gari guda ne.
Ina ganin bayanta na nisa,
layin iyaka na matsowa,
kalmar da muka yi wata tara muna haddacewa
ta gudu daga bakina, ta bar ni da huhu.
Abin da ya fito shi ne na tsakar gida,
na miƙa wa ƙane ragowar rake:

Ungo!

Yarinyar da aka haifa a Alabama,
wadda ko sannu ba ta sani ba,
ta buɗe hannu.

Mun zo na biyar.
Allon ya rubuta shi da manyan fitilu, babu kunya,
tsakaninmu da na huɗu ko ƙiftawar ido ta yi yawa.
Muka kwanta a jiƙaƙƙiyar ciyawa,
huɗu, kai da kai, muna tururi kamar tukwane.
Babu wadda ta yi kuka sai Odessa,
ita ma dariya ce ta ɓata hanya.

Da dare a masauki, kan shinkafar da babu yaji,
Keturah ta turo min gishiri, ta ce ungo,
ta ja wasalin har ya kusa tsinkewa.

Sai saƙon Inna ya shigo, muryarta cike da barci.
Ba ta tambayi na nawa muka zo ba.
Ta ce: na gani, da dama kika ba ta, Allah ya yi albarka.
Amma ita ƙawar taki,
waye ya koya mata karɓar abu da hagu?